MAKIN JARRABAWA DA ƘOFAR JAMI'A



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ga dacewar a kira malamin Hausa ya yi magana a kan abin da mutane suka ɗauka aikin masana lissafi ne. Hujjata ta karɓar gayyatar ita ce, na zauna shekaru a kwamitin ɗaukar ɗalibai na sashe, na ga yadda ake jera sunaye bisa maki, a ja layi, wanda ya faɗo ƙarƙashin layin ya koma gida. Abin da zan faɗa yau daga wannan zama na samo shi.

Gabatarwa

Duk wanda ya biyo titin Zariya ta Gyadi-Gyadi zai ga katangar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda ɗaliban likita na Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Yaron da aka haifa a Gyadi-Gyadi, ko Darmanawa, ko Unguwa Uku, ya tashi yana ganin waɗannan ɗalibai da fararen rigunansu suna shiga suna fita. Daga ƙofar gidansu zuwa ƙofar asibitin tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Amma in yana so ya shiga a matsayin ɗalibi, hanyar tana da nisa, domin sai ya bi ta ɗakin jarrabawar JAMB, ya zauna sa'o'i 2 gaban kwamfuta, ya fito da wata lamba tsakanin sifiri da 400. Wannan lamba ita ce batunmu. Tambayar da nake so mu duba ita ce: wane nauyi jami'a take ba wannan lamba, kuma wane nauyi ya kamata ta ba ta?

Ra'ayina, tun kafin in kawo dalilai, shi ne makin jarrabawa shaida ne mai gaskiya, wanda bai kamata a kore shi daga kotu ba. Sai dai shaida ne da ya ga sashen abin da ya faru kawai, don haka ba a ɗora shi a kujerar alƙali.

Asalin Jarrabawar

Kafin 1978 kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta da kanta. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da sauran jami'o'in farko, kowace da takardar nemanta da irin gwajinta. Muddin jami'o'in ba su da yawa, abin yana tafiya. To amma a 1975 Gwamnatin Tarayya ta ƙara sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda 7, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilorin da Kalaba da Fatakwal, ta Kano kuwa ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Sai matsalar da ake fama da ita ta ƙara fitowa fili. Yaro guda mai ƙoƙari, wanda mahaifinsa yake da kuɗin mota da na takardu, yakan sami gurbi a jami'o'i biyu ko uku, ya zaɓi ɗaya, sauran guraben su zauna babu kowa, alhali wani yana gida bai sami ko ɗaya ba.

Don a magance wannan ne gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Hukumar JAMB da Doka ta 2 ta 1978, aka naɗa Michael Angulu magatakardanta na farko. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin fasaha da na horon malamai, a 2010 kuma aka haɗe jarrabawowin suka zama guda ɗaya, wadda ake kira UTME. An fara gwada rubuta ta da kwamfuta a 2013, daga 2015 aka bar fensir da takarda gaba ɗaya. Ya kamata mu riƙe wannan tarihi, domin yana nuna mana cewa an ƙirƙiro jarrabawar ne don rabon gurabe da ba su isa ba. Watau mudu ce ta rabo a lokacin ƙarancin hatsi.

Abin da Makin Yake Aunawa

Ɗalibi yana rubuta darussa 4: Ingilishi, wanda ya zama dole ga kowa, da wasu 3 da suka dace da fannin da yake nema. Tambayoyin 180 ne, 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran, duka kuwa na zaɓi-ɗaya ne. Idan muka raba sa'o'i 2 ga tambayoyi 180, kowace tambaya ta sami daƙiƙa 40. Idan kuma muka yi lissafi a sauƙaƙe, muka raba maki 100 ga tambayoyi 40, kowace tambaya ta tashi a maki 2 da rabi. Ke nan wanda ya ci 250 da wanda ya ci 245, tambayoyi 2 ne kacal tsakaninsu.

Ina roƙon ku tsaya a kan wannan lissafi. Tambaya 2 cikin 180, ciwon kai na safiya ɗaya zai iya cinye su, haka nan kwamfutar da ta tsaya na minti 3, haka nan rashin sabo da linzamin kwamfuta. Jarrabawar tana iya raba mai 300 da mai 180, ta kuma yi gaskiya, domin tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin sa'a. Amma ba ta da ƙarfin idon da za ta ce mai 250 ya fi mai 245 cancantar zama likita. Duk da haka, a fannonin da ake rububi, kamar likitanci da lauya da injiniya, sau da yawa a irin wannan ƙaramar tazara ake yanke hukunci.

Har ila yau, akwai abubuwan da tambayar zaɓi-ɗaya ba ta taɓa su ko kaɗan. Ba ta nuna ko yaro zai iya rubuta shafi guda mai ma'ana, ko zai iya jure karatun shekara 4 ko 6, ko zai iya kare ra'ayinsa da hujja. Mu da muke gyara takardun 'yan aji ɗaya mun sha ganin mai babban maki da ba ya iya haɗa sakin layi, mun kuma ga wanda ya shigo da ƙyar ya fita da digiri mai daraja.

Mudun kansa ma yakan sami tangarɗa. A 2025 kusan mutum miliyan 2 suka rubuta jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 suka kasa kaiwa 200. Da koke ya yi yawa aka bincika, sai magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a watan Mayu ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wanda ya shafi kimanin mutum 380,000, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawar. Amsa laifin abin yabo ne. Darasin da ke ciki kuwa shi ne, da ba a yi bincike ba, da an rufe wa dubban yara ƙofa da lambar da ba tasu ba.

Yadda Jami'a Take Auna Makin

Mutane da yawa sun ɗauka JAMB ce take ba da gurbi. A haƙiƙa jami'a ce take zaɓa, hukumar ta amince. Makin yana bi ta matakai 4 kafin ya zama takardar shiga.

Mataki na farko shi ne mafi ƙarancin maki na ƙasa, wanda ake tsayarwa kowace shekara a taron hukumar da shugabannin manyan makarantu. A 2016 maki 180 ne ga jami'o'i, a 2017 aka sauko da shi zuwa 120, a 2025 aka tsayar da 150. Wannan lamba ita ta fi ruɗar iyaye. Uba yakan zo ya ce, "Malam, an ce 150, ɗana ya ci 210, me ya hana a ɗauke shi?" Amsar ita ce, 150 dokin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane fanni kuma yawan masu nema da yawan kujeru su suke yanke nasa.

Mataki na biyu shi ne sakamakon sakandare, na WAEC ko NECO ko makamantansu, inda ake neman kiredit 5 a darussan da suka dace, galibi har da Ingilishi da Lissafi. Wanda ya ci 300 a JAMB amma ba shi da kiredit a Ingilishi, makinsa bai amfane shi ba.

Mataki na uku shi ne gwajin da jami'a take yi da kanta bayan na JAMB. An fara shi a 2005, zamanin da Chinwe Obaji take ministar ilmi, saboda jami'o'i sun yi ƙorafin cewa satar amsa ta sa makin ya daina nuna gaskiyar ɗalibi. A 2016 Minista Adamu Adamu ya soke shi, a 2017 aka dawo da shi, da sharaɗin kada kuɗinsa ya wuce naira 2,000. Daga nan kowace jami'a take haɗa makunan bisa nata ma'auni. Alal misali, Jami'ar Legas an san ta da ba makin JAMB kashi 50, gwajinta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Bari mu gwada wannan ma'auni da yara biyu na misali. Na farko ya ci 280, na biyu ya ci 240. Idan aka mayar da 400 ta koma 50, na farko yana da 35, na biyu yana da 30. Tazarar maki 40 ta koma 5. A gwajin jami'a na farko ya sami 18 cikin 30, na biyu ya sami 24. A sakamakon sakandare kowa ya sami 16. Jimla, na farko 69, na biyu 70. Da jami'ar ta ba JAMB kashi 70, da na farko ne a gaba. Yaran ba su canja ba, amsoshinsu ba su canja ba. Ma'aunin da majalisar jami'a ta zaɓa shi ya raba gardama. Saboda haka zaɓen ma'auni hukunci ne na mutane, kuma wajibi ne mutanen su bayyana shi, su kare shi.

Mataki na huɗu shi ne rabon gurabe a jami'o'in Tarayya: kashi 45 bisa cancanta tsantsa daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, waɗanda suka haɗa da Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Yobe da wasu jihohin Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. Tun 2017 kuma duk wani gurbi sai ya bi ta manhajar hukumar da ake kira CAPS, inda ɗalibi yake ganin an ba shi, ya karɓa ko ya ƙi.

Inda Rabon Ya Gaza

Wannan rabo ya samo asali ne daga manufar daidaita wakilcin sassan ƙasa, wadda ta shiga Tsarin Mulkin 1979, kuma ina cikin masu ganin yana da hujja. Makarantar boko ta riga mu isa Kudu da shekaru masu yawa, ba kuwa za a sa wanda ya fara gudu da asuba da wanda ya fara da hantsi a layi ɗaya a ce an yi adalci ba. Amma rabon yana da makanta guda: jiha yake gani, ba ya ganin unguwa, balle makaranta.

Mu dawo Ƙaramar Hukumar Tarauni. A ce ga yarinya, 'yar babban ma'aikaci, ta yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje da janareta, ajinsu mutum 25, tana da kwamfuta a ɗakinta, an kuma ɗaukar mata malamin darasi na musamman wata 6 kafin jarrabawa. Ta ci 260. Ga kuma yaro daga lungun Gyadi-Gyadi, ya yi makarantar gwamnati inda aji ya cika ya batse, da yamma yana taya yayansa gyaran waya a kasuwar Farm Centre, bai taɓa zama gaban kwamfuta na sa'a 2 a jere ba sai ranar jarrabawa. Ya ci 235. A idon rabon nan, su biyun 'yan Kano ne, 'yan jihar da aka bari a baya, layinsu ɗaya, yarinyar tana gaba da maki 25. Ban ce a tauye wa yarinyar haƙƙinta ba, ta yi karatu ta ci. Tambayata ita ce: wanne cikin makunan nan biyu ya fi nuna nisan tafiyar da mai shi ya yi? Manomi ya san buhu 10 daga fadama da buhu 9 daga jigawa ba ƙwazo ɗaya suke nunawa ba.

Sakamakon wannan makanta shi ne, kason da aka ware don a ɗaga na baya, mafi yawa 'ya'yanmu ne suke cin moriyarsa, mu malaman jami'a da ku manyan ma'aikata, waɗanda ba mu cikin na baya ta kowace fuska. Ɗan talakan da aka yi rabon da sunansa yana nan a bakin katanga.

Akwai kuma wata illa da ta shafe mu a sassan harsuna. Idan aka ja layi a fannin lauya, waɗanda suka faɗo sai a tura su inda kujera ta rage. Ta haka ne muke samun ɗalibin da bai taɓa neman nazarin Hausa ba, ya zauna shekara 4 zuciyarsa tana wani wuri. Makin da aka ƙirƙiro don rabon gurbi ya koma yana jera fannonin ilmi hawa-hawa, wannan na masu ƙoƙari, wancan na ragowa. Wannan ba aikinsa ba ne.

Darasi Daga Waje

Wani zai ce, to a soke jarrabawar mana a huta. An gwada haka a wani wuri. A Amurka akwai jarrabawar SAT, wadda aka fara a 1926. Da annobar korona ta zo a 2020, yawancin manyan jami'o'insu suka ce kawo sakamakonta ganin dama ne, Jami'ar Kalifoniya ma ta daina duba shi sam. Amma a 2022 jami'ar MIT ta dawo da shi, a 2024 Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu. Dalilin da Dartmouth ta bayar abin lura ne gare mu. Ta ce ta gano 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye makinsu don suna ganin bai kai na 'ya'yan masu hali ba, alhali da sun nuna shi, aka duba irin makarantar da suka fito, da ya taimake su. Watau da aka kawar da jarrabawa, abin da ya rage shi ne wasiƙun yabo da sunan makaranta, waɗanda ɗan mai kuɗi ya fi kowa samu. Jihar Tekzas kuma ta bi wata hanya a 1997, ta yi doka cewa duk wanda ya fito cikin kashi 10 na sama a ajinsa na sakandare, ko wace makaranta ce, yana da gurbi a jami'o'in jihar. Ta auna yaro da abokan karatunsa da suka sha rana ɗaya da shi.

A ƙasarmu, in aka soke JAMB, mun san abin da zai maye gurbinta: 'yar takarda daga wani babba. Na taɓa zama a kwamiti, a wata jami'a da ba zan ambata ba, aka miƙo mana jerin sunaye daga sama, kowane suna da na wanda ya aiko shi a gefe. Abin da ya ba mu bakin cewa a'a shi ne lambobin da ke gabanmu. Yaron Gyadi-Gyadi ba shi da kawu a ma'aikatar ilmi. 235 ɗin nan ita ce kawunsa.

Shawarwari

Na farko, kowace jami'a ta buga ma'auninta kafin a fara sayar da fom, ta kuma buga makin da aka tsaya a kowane fanni da kowane kaso bayan an gama, yadda uba a Hotoro zai iya ɗaukar biro ya lissafa wa ɗansa.

Na biyu, a cikin kashi 20 na jihohin da aka bari a baya, a duba makarantar da ɗalibi ya gama. A ware wani sashe ga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati tun daga aji ɗaya har zuwa shida, a auna su da junansu. Sunan makarantar da yaro ya zauna jarrabawa yana cikin bayanan WAEC da NECO, ya kuma fi takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma wuyar saye.

Na uku, inda tazarar ɗalibai ba ta wuce maki 5 ko 10 ba, a ɗauke su kunnen doki, a raba su da gwajin rubutu, domin shi ne abin da jarrabawar ta kasa gani.

Na huɗu, jami'o'i su bi sawun ɗalibansu, su gwama makin shigowa da sakamakon fita na shekaru da dama, fanni-fanni. Takardun suna nan a ofisoshin magatakarda. Da su ne za a tsayar da ma'auni bisa hujja.

Na biyar, ga ku ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi: ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaki guda mai kwamfutoci da hasken rana a kowace babbar sakandare, inda ɗan aji shida zai gwada hannunsa kafin ranar jarrabawa, zai dawo wa yaranmu da makin da rashin sabo yake cinyewa. Ku kuma rage aiko mana da 'yan takardu, domin kowace kujera da aka bayar don alfarma, daga hannun wani aka karɓe ta.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, wanda ya shigo da babban maki ya sani cewa ranar da ya yi rajista makin ya gama aikinsa, ba kuwa za a sake tambayarsa ba. Wanda kuma yake da ƙane a gida da bai samu ba, ya gaya masa akwai hanyar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, da ta difloma da ta NCE, duk suna kaiwa aji biyu na jami'a. Mu malamai kuwa, da mu ake jan layin nan kowace shekara, kuma addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu. Wajibi ne mu san abin da mudunmu yake aunawa da abin da ya bari a ƙasa, mu kuma faɗa wa jama'a gaskiyarsa.